Sifirin mai tsayi ɗaya ko koiloba: wanne zan ɗaura wa motata?

Mai Golf:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Golf 5 ce da ni, shokazobanta na baya sun fara yoyon mai. Tunda dole a taɓa ƙafar, na ce bari in sauke ta ƙasa kaɗan, don tazarar da ke tsakanin taya da jikin motar ta daɗe tana damuna. Wasu sun ce in sayi gajeren sifirin, wasu sun ce koiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe, wanda ake sama da ƙasa da shi. Da ita nake kai yara makaranta kullum, ba tsere nake yi ba. Ku ba ni shawara.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, gajeren sifirin tsayinsa ɗaya ne, yawanci yakan sauke mota kamar milimita 30 zuwa 40, inda ya ajiye ta nan za ta zauna. Amma kar ka haɗa shi da shokazoban da motar ta zo da su, balle naka da suka gaji. Don dogon sifirin aka yi su, idan ka matse su suna aiki a ƙasa-ƙasa, nan da nan za su mutu, motar ta riƙa tsalle. Nemi wanda aka haɗa sifirin da shokazoba tun daga kamfani, irin Bilstein B12.

Shi koiloba jikinsa zare ne kamar na kusa mai noti, ana murɗa zoben da sifirin ya zauna a kai da sifana ta musamman. Wasu tsayi kawai ake saitawa, kamar KW V1, wasu har da tauri da laushi, kamar V3.

Direban Dare:
Ni koiloba na ɗaura, shekara uku ke nan. Wallahi sau biyu kawai na taɓa saitin. Na farko na sauke ta sosai, sai kaskon baƙin mai ya goga a tudun rage gudu, gabana ya faɗi, na ɗaga ta. Da na zo sake murɗawa bayan shekara, tsatsa ta riƙe zoben gam, don ban taɓa wanke zaren na shafa giris ba. Kuma duk murɗawa sai an sake saitin ƙafa, ban yi ba a karon farko, tayoyin gaba suka cinye ta ciki. Daɗinsa ɗaya da ba zan musa ba: gaba da baya na daidaita su yadda idona yake so.

Mai Golf:
Na gode ƙwarai. Oga Bakanike, to koiloba mai araha fa?

Tsohon Bakanike:
Rabu da shi, tauri ne kawai, yaranka za su ji kowane rami a bayansu. Ɗauki haɗaɗɗen mai tsayi ɗaya. In an ɗaura, ka ɗan yi yawo da ita 'yan kwanaki sifirin ya zauna, sannan a yi saitin ƙafa, a duba fitilun gaba ma.