Wace unguwa ce ta fi a gefen Abuja?

Wani ƙanenmu ya samu aiki a Abuja, ya nemi shawarar inda zai kama haya, sai majalisa ta cika da magana. Ba wanda ya tsaya kan Maitama da Asokoro, kowa ya san ba wurin ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Gwarinpa ta fi shan yabo: tituna a tsare, ga kusanci da cikin gari, sai dai hayarta da nauyi. Masu iyali sun fi karkata ga Kubwa, ga kasuwa, ga makarantu, ga tashar jirgin ƙasa na Kaduna ga mai leƙa gida ƙarshen mako. Lugbe kuwa, da ke hanyar filin jirgin sama, aka ce sai da damina ake duba gida, domin ambaliya na shiga gidajen da ke kwari. Wani dattijo ya ce a dubi gindin katanga. In an ga shatin laka kamar an ja layi, nan ruwa ya tsaya bara.

Kukan da ya fi yawa na Nyanya ne da Mararaba, wadda ma a jihar Nasarawa take. Haya da sauƙi, amma cunkoson hanyar Keffi ke cinye mutum. Mazauna can sun ce da sallame asuba suke fita, su dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

An kuma ja masa kunne kada ya ba dillali ko kwabo kafin ya tambayi maƙwabta yanayin ruwa da wuta.