Wa Ya Tono Rijiya? Musayar Baituka a Kan Tambaya

Ɗan Autan Baba:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau ni zan buɗe fage. Amsa-amo "ya" ne, wanda ya karya za a ci shi tarar goro.

Da sunan Ilahu nake farawa,
Na zo da batu ne a kan tambaya.

Shekara talatin ina gidanmu,
In an rage tuwo Baba ba ya dariya.

Loma guda in ta kwana a kwano,
Ranar kowa a gidan zai sha tsiya.

Na ce a raina rowa ce kawai,
Na riƙe hakan tamkar gaskiya.

Daren jiya bayan an idar da Isha,
Na je tabarmarsa, na ajiye kunya.

Na ce, "Baba, don Allah mene ne ya sa
Ragowar tuwo ke ƙona maka zuciya?"

Ya yi shiru har na yunƙura in tashi,
Sai ya ce, "Zauna, ka tono rijiya.

Farin 1973 ina ɗan yaro,
Shanunmu suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Mun tone gidan tururuwa don tsaba,
Mun sussuke har 'ya'yan ƙarangiya.

Ƙanwata ba ta ga daminar gaba ba,
Tun ranar loma ta zame min dukiya."

Ashe akwai gwaggon da ban san da ita ba,
Me ya hana ni ji? Rashin tambaya.

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan gwaggo, ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ƙanena, ni son sani bai yi min rana ba.

Ɗan Auta, taka ta yi kyan ƙarshe,
Tawa ta kusa raba ni da lafiya.

Wata biyu maigida ya koma shiru,
Ci kaɗan, ba hira, ba dariya.

Na kwanta na tashi ina saƙe-saƙe,
Raina ya ce min ana shirin kishiya.

Ran nan da safe ya shiga wanka,
Na lallaɓa ɗaki na ɗau waya.

Na bi saƙonni har na bara,
Ban ga ko sallamar mace ba ɗaya.

Ya fito ya gan ni, bai ce uffan ba,
Kallon da ya yi min ya fi tsumagiya.

To in son sani alheri ne,
Don me nawa ya bar ni cikin kunya?

Malam Na Zaure:
Uwar Biyu, ki yi haƙuri da ni, zan ɗan taɓa ki.

Abin da kika yi sunansa leƙe,
Ba uwarsu ɗaya ba da tambaya.

Hujurati, aya ta 12, ki duba,
Ta hana bin diddigin sirri ta baya.

Mai leƙe ya gama yanke hukunci,
Shaida yake farauta, ba gaskiya.

Mai tambaya ya yarda bai sani ba,
Ta ƙofa yake shiga, da sallama da niyya.

Hadisi na nan cikin Abu Dawuda:
Maganin rashin sani shi ne tambaya.

Zariyati kuwa, aya ta 21,
Ta ce a jikinku ma akwai abin lura da aya.

Kafin ki tambayi mijinki, tambayi kanki,
Wane tsoro ne ya miƙa hannunki ga waya?

Telan Bakin Kasuwa:
Malam ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ku saurari tawa, ni da kaina na kai ƙarar kaina.

Duk goman ƙarshe ta watan azumi,
Shagona yakan zama filin hayaniya.

Bara, daren ashirin da bakwai,
Yarona ya karkata aljihu da wuya.

Na wurga almakashi ya daki bango,
Ya ɗau takalminsa ya kama hanya.

Na zauna ni kaɗai, keke ya yi tsit,
Shadda jibge a gabana kamar tsibi.

Na ce, kai tela, fushin nan na wane ne?
Yaron nan tun sahur bai kai haƙarƙari ƙasa ba ko sau ɗaya.

Na buɗe littafi na ƙirga ɗinki,
Sittin na karɓa, arba'in na iya.

Me ya hana ni in ce wa mutum a'a?
Na bi sawun abin har can baya.

Shekarar da na buɗe, wata huɗu cur
Ƙuda kawai ke kawo min gaisuwa da ta'aziyya.

Yunwar ciniki ta wancan lokaci
Ita ke karɓar kaya, ni kuwa in sha wuya.

Bana ran sha biyar ga azumi na rufe karɓa,
Yaron ya dawo, na ba shi haƙuri da godiya.

Malam Na Zaure:
Madalla, tela. Sai dai "tsibi" ba ya amsa "ya". Goro ya hau kanka.

Uwar Biyu:
Kwana uku ban leƙo ba, ga dalili.

Malam, maganarka ta hana ni barci,
Na bi tsoron nan har gidanmu na Zariya.

Ina 'yar tara aka saki innata,
Wata uku da shigowar amarya.

Ashe tun ranar nake zaman jira,
Ko tari miji ya yi, sai in ji guɗar kishiya.

Na dafa shayi, yara sun yi barci,
Na ce, "Baban Biyu, na yi laifi kan waya.

Amma shirun nan naka ya dame ni,
Mene ne ke cin ka a zuciya?"

Ya juya kofi ya fi sau goma,
Ya ce, "Bashi ne. Na tsaya wa wani kan kaya.

Ya gudu, masu kuɗi sun dawo kaina,
Na rasa bakin faɗa miki don kunya."

Bashin na nan, ba mu biya ba tukuna,
Amma jiya ya cinye tuwo, har ya nemi ƙarin miya.

Ɗan Autan Baba:
Yaya, Allah ya yaye muku, ya kawo mafita.

Ni ma yau Baba da kansa ya kira ni,
Ya faɗi sunan gwaggo, ya ce in yi masa ajiya.

Ya ce gobe zai ba ni labarin
Yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya.

Inna ta ɗago murya daga madafi:
"Kar ka yarda, rabin zancensa ƙarya!

In ya gama nasa ka zo wurina,
Ni ce na jawo gugan, ni na san gaskiya."

Tela, muna jiran goronmu, fari muke so. Biyu daga ciki na Baba ne.