Sana'ar madara ga matasan Kebbi: abin da jama'a suka ce

Na tattaro shawarwarin da jama'a suka bayar kan yadda matasan Kebbi za su shiga sana'ar madara, ba tare da ambaton suna ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ba sai ka mallaki garke ba. Tara nono daga rugage da sassafe, a sanyaya shi kafin ya tsinke, a kai Birnin Kebbi ko Argungu, sana'a ce mai zaman kanta. Babur da firij mai sola su ne jarin.

2. Yogot, kindirmo da man shanu sun fi ɗanyen nono riba. Amma a tafasa nonon tukuna, saboda tarin fuka da bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) na bi ta ɗanyensa. Mai sawa a roba ya nemi rajistar NAFDAC.

3. Abincin shanu na rani: harawa, dusa da tattakar shinkafa da ake ƙonawa a fadamu. Ni dai nan na fi ganin kuɗi, don saniya mai yunwa ba ta cika ƙwarya.

4. Kai ya rabu a batun irin shanu. Wasu na son barbara da na turawa, tunda shanun gida irin su Bunaji da Gudali kan ba da lita 1 zuwa 2 a rana a kiwon gargajiya. Wasu sun ce zafinmu da tsadar magani za su cinye ribar.

5. Masu son karatu: Jami'ar Aikin Gona ta Zuru, ko likitancin dabbobi a jami'ar Danfodiyo.

Mata sun ja kunne: kada a ƙwace kasuwar daga hannun masu tallan nono, a riƙa saye a wurinsu.