Wace kalma za mu ba "base" na lissafi?

Jama'a, ku agaza mini da kalma. Ɗiyata ta kawo aikin gida kan abin da Turawa ke kira "base", wato adadin da mai ƙirga ke kaiwa ya tsaya, sannan ya sake ɗaukowa daga ɗaya. Bayani dai ta gane, sunan abin da Hausa ne ya gagare ni.

Mu a goma muke tsayawa, sai mu ce goma sha ɗaya. Kafin ashirin da talatin su shigo mana daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. To amma ku kasa kunne ga mai nono a Tsohuwar Kasuwa in tana ƙirga ludayi: jowi biyar ke nan, shida jeego'o, biyar da ɗaya, bakwai jeeɗiɗi. Yatsun hannu guda sun ƙare, ta koma ɗayan. Yarbawa ashirin suka riƙe, ogun, arba'in kuwa ogoji, ashirin biyu. Tamanin a Faransanci "ashirin huɗu" ce. Mu ma zamanin kuɗin wuri, hauya ashirin ce, hauya uku sittin.

Har yau ku tsallaka Illela ku shiga Ƙonni. Mai shayi zai ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, don biyar-biyar ake ƙirga kuɗin. Ranar farko sai da na sha kunya.

Wani malamin lissafi ya ce mini "tushe". Allah gafarta Malam, tushe daga ƙasa yake, wannan abu kuwa a gaba ake tarar da shi. Yaro zai hardace, ba zai ga komai ba. "Gindi" kuma kun san abin da aji zai koma.

Baffana ya ce "dami", tunda gero ake tarawa a ɗaure. Ta burge ni, sai dai dami ba ya da adadi tsayayye, na wani ya fi na wani.

Ni "zango" ta kwanta mini. Fatake su yi tafiya su yada zango, gari ya waye su ɗora. Sai mu ce ƙirga mai zangon goma, na Fulani zangon biyar, na kwamfuta zangon biyu, mintocin agogo zangon sittin, gadon mutanen Babila.

Ɗiyar tawa ta ce, "Baba, ai zango na makaranta ne, yanzu muna na biyu." Na ce ta rubuta "zangon ƙirga" cikakke, mu ji abin da malaminsu zai ce ran Litinin.