Mustang mai ƙarfin doki 450 tana karya shaf ɗin baya, me zan canza?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum masana. Ina da mota Mustang GT ƙirar 2003, an ɗora mata sufacaja (na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska), ƙarfinta ya kai wajen doki 450. Sau biyu ke nan shaf ɗin taya na baya yana tsinkewa idan na tashe ta da ƙarfi. In sayi bakasil ɗin Ford 9 gaba ɗaya ne, ko wannan na 8.8 da ke jikinta zai gyaru (9 da 8.8 faɗin babbar giyar cikin bakasil ne da inci)?

Injiniyan Daura: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɓata kuɗinka a kan 9, kaskon 8.8 zai ɗauki wannan ƙarfin. Raunin yana wajen shaf: na shekarar motarka haƙora 28 gare shi, siriri ne. Nemo mai haƙora 31. Sai dai ba zai shiga tsohon difaranshal ɗinka (giyoyin da ke raba wa tayoyin baya juyi) ba, dole ka canza su tare, ka sa difaranshal irin Torsen ko mai faifan kuloci.

Haɗawar ita ce aikin. Ratar da ke tsakanin haƙoran babbar giya da ƙaramar ta tsaya tsakanin milimita 0.20 da 0.30, da agogon awo ake dubawa, ba da yatsa ba. A shafa wa haƙoran fenti, a juya, a ga inda suka goga. Tabon ya zauna a tsakiyar haƙori. In ya karkata can gindi ko baki, a canza siraran washa a sake gwadawa, ko da sau biyar ne. Wanda ya tsallake wannan, da ya hau titin Katsina zuwa Daura zai ji tana kuka kamar jiniya. A sa sababbin boris, kuma a yi wa bututun bakasil walda a inda suka shiga kasko, don masana'anta dannawa kawai ta yi ta ɗiga walda kaɗan.

Usta Jibiya: Malam, ka duba ko tayoyin na tsalle-tsalle lokacin tashi. Wannan girgizar ce ke murɗe shaf, in ba ka canza robobin hannayen bakasil da shokobza ba, sabon ma zai iya tafiya. Kuma don Allah kada wani ya ce zai liƙe maka ƙananan giyoyin ciki da walda. A kwana motar za ta riƙa ture ka gaba, taya ta cinye.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Giyar fa, in koma 4.10?

Injiniyan Daura: Taka 3.27 ce, wato ƙaramar giya na juyawa sau 3.27 kafin babbar ta juya sau ɗaya. 4.10 zai ƙara wa injin juyi da kashi 25 cikin ɗari a kowane gudu, mai zai tafi, taya kuma ta yi ta sulɓi a giya ta ɗaya. Da sufacaja 3.55 ta isa, a saita agogon gudu daga baya. Zuba man giya 75W-140 kusan lita 2, saboda zafinmu na bazara; difaranshal mai faifan kuloci yana son ƙarin ruwan da ke hana shi gurnani. Kilomita 800 na farko ka bi ta a hankali, sannan ka juye man ka duba ko akwai garin ƙarfe a ciki.