Neman shawara: yaya zan bayyana ra'ayin ci gaba a gaban manya?

Ɗan Garin Malam: Salamu alaikum ƴan uwa. Fadarmu ta matasa a nan Nijar za ta koma ƙungiya, an ɗora mini rubuta manufofi, ranar Asabar zan karanta gaban mai unguwa da liman. Na jera daidaito, haƙƙin mata, hana aurar da yarinya kafin shekara 18, sannan ruwa da lakwal. Kawuna ya gani ya ce ra'ayin Turawa ne, tun daga nan ba ya amsa gaisuwata sosai, ga shi gidansa nake zaune tun rasuwar baba. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Mushe na Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Kawunka bai yi daidai ba, amma jerinka ne ya ba shi ƙofa. Tushen ra'ayin shi ne talaka da mai sarauta su zama ɗaya gaban doka, mai yawa ya biya lanho mai yawa, a mai da kuɗin asibiti, lakwal da famfo. Wannan namu ne. NEPU, jam'iyyar talakawa ta Najeriya, an kafa ta Kano a 1950, jagoranta Malam Aminu Kano kuwa malamin addini ne. A Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa a zaɓen raba gardama na 1958, aka haramta ta a 1959. Gwamnonin Kano da Kaduna, Rimi da Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali a 1979. Da wannan za ka buɗe.

Uwar Biyu: Mushe, tarihi ba ya sayen magani. Tun 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likita, amma idan gwamnati ta yi jinkirin mayar wa asibiti kuɗinsa, kantin maganin sai ya bushe, a miƙo wa uwa takarda ta tafi farmasi. Ku rubuta bin diddigin wannan.

Mai Shago Dole: Kada ka ambaci Sawaba ko kaɗan. An rushe jam'iyyu a Maris 2025, ƙungiya kuma dokar 1984 ke tafiyar da ita. Takarda mai ƙamshin siyasa za ta wahalar da ku wajen neman izini.

Mushe na Birni: Karanta tarihi ba kafa jam'iyya ba ne. Kai ƙanena, cire 18 ɗin nan. Dokar farar hula shekara 15 ta sa wa mace don aure, yawancin aure kuma bisa al'ada ake ɗaura shi, liman zai tsaya nan ya bar sauran. Riƙe dokar 2017 mai kare karatun ƴa mace har shekara 16, ita hukuma ce ta sa mata hannu.

Ɗan Garin Malam: Na gode yaya, amma 18 ba za ta fita ba. Idan na cire ta, me ya rage na haƙƙin mata?

Uwar Biyu: Mata nawa ne cikin kwamitin naku?

Ɗan Garin Malam: Inna, ba mu kai nan ba tukuna. Tambayata dai kawu ce.