Album ɗin dawowar A Tribe Called Quest, ƙungiyar hip-hop ta Amurka, ya cancanci yabon nan kuwa?

Dan_Fagge:
Salam jama'a, wai album ɗin da 'yan ƙungiyar, su Q-Tip, suka saki a 2016 bayan shekara 18 ba su fitar da sabon album tare ba, da gaske ya yi daɗi ne ko dai tausayin rasuwar ɗaya daga cikinsu, Phife Dawg, ne ya sa ake ta zuzuta shi?

Gogarma:
Haba ɗan uwa, ka saurara tukuna. Ai tare suka fara rikodin a situdiyon Q-Tip da ke New Jersey kafin ciwon suga ya yi ajalin Phife a watan Maris, muryarsa na ciki raɗau kuma Jarobi, ɗan ƙungiyar da ya koma sana'ar girki, shi ma ya dawo ya zuba baiti, wallahi ban zaci ya iya haka ba.

Mamman_Zinder:
Ni dai baƙin mawaƙan da ke ciki sun min yawa, Kendrick, Kanye, André 3000, har da Elton John fa. Busta Rhymes kam na gida ne.

Dan_Fagge:
Elton John kuma? 😂

Gogarma:
Eh mana, kuma lamba 1 ya hau a jadawalin album na Billboard a Amurka. Sa iyafis ka ji bes ɗin, ba a sifikar waya ba.